Wa ke da ikon hana saukar laima a filin jirgin garinmu?

Tambaya: Malam, ina zaune a wani ƙaramin gari a Amurka. Wani kamfani yana so ya fara kai mutane sama suna dirowa da laima a filin jirgin garinmu, majalisar gari ta ce atafau ba za a yi ba saboda haɗari, sai ga hukumar FAA, mai kula da harkar jiragen sama ta gwamnatin tarayya, wai tana bincikar majalisar. Fili ba na gari ba ne?

Amsa: Fili na gari ne ɗan'uwa, amma ka fara bincika ko sun taɓa karɓar kuɗin gwamnatin tarayya na gyaran filin, don nan gizo ke saƙar. Ƙananan filaye da yawa a Amurka da tallafin FAA suke gyara titin jirgi da fitilu, kuma duk wanda ya karɓa sai ya sa hannu a kan wasu alƙawura, na 22 a cikinsu ya ce dole a buɗe filin ga kowane irin harkar sama ba tare da wariya ba, bisa sharuɗɗa masu ma'ana. Alƙawarin yakan kai shekara 20, in ma ƙasar aka saya da kuɗin to ba shi da ranar ƙarewa. Ita kuwa FAA tuni ta ɗauki saukar laima a matsayin harkar sama, daidai da koyon tuƙi ko hayar jirgi.

Abin da ke rikita mutane shi ne dokar saukar laima ɗin kanta, sashe na 105 na dokokin FAA, ta ce ba a dirowa cikin filin jirgi sai da izinin masu kula da filin. Sai kansiloli su ɗauka shi ke nan wuƙa da nama na hannunsu. A'a. In fili ya ci tallafi, ba su ne ke yanke hukuncin cewa abu na da haɗari ba, FAA ce, ita za ta turo jami'anta su duba inda za a sauka, nisansa da titin jirgi, yawan jiragen da ke zirga-zirga, sannan ta faɗi ko zai yiwu. Kamfanin yana iya kai kuka ga FAA ta sashe na 13 na dokokinta, wanda sulhu ne kusan, in ya ƙi ci sai ƙara a rubuce ta sashe na 16. Haka aka yi a gundumar Santa Clara ta Kalifoniya kan filin San Martin, FAA ta ce gundumar ta saɓa alƙawari da ta hana. Wanda ya yi taurin kai ana iya tsayar masa da tallafi.

Ni dai gaskiya ba na raina tsoron mutanen gari. Mutum yana faɗowa daga ƙafa dubu 13 da gudun kusan kilomita 200 a awa kafin ya buɗe laima, ga ɗalibin tuƙi yana zagaye a ƙasa, dole hankali ya tashi. Amma akwai tsari, matuƙi sai ya yi magana da masu kula da zirga-zirgar sama ta rediyo aƙalla minti 5 kafin kowa ya diro, kuma filaye da dama sun daɗe suna haɗa biyun. Sau da yawa ma ba haɗarin ba ne ainihin damuwar, ƙarar jirgi ce tun safe har yamma ranar hutu, da tsoron a maka gari a kotu. A Longmont ta Kolorado maƙwabta sun kai kamfanin saukar laima na Mile-Hi kotu kan ƙarar jiragensa, a 2015 alƙali ya ba kamfanin gaskiya.

To shawarata, maimakon majalisarku ta zuba kuɗin haraji wa lauyoyi a shari'ar da da wuya ta ci, gara ta zauna a shata wurin sauka, a rubuta ƙa'idojin aiki da kuɗin haya da inshorar da za a iya samu a kasuwa, don in suka ɗora wadda babu mai sayar da ita FAA tana iya kallon hakan a matsayin hani ta bayan gida. Ka je zaman majalisar, ka nemi a nuna maka takardun tallafin da rahoton binciken FAA in ya fito.