Tambayoyinku: Yadda jiki ke huda ƙwayoyin cuta

Tambaya: Likita, da gaske ne gumi da yawu suna kashe ƙwayoyin cuta? Daga wata malamar makaranta a Zariya.

Amsa: Malama, akwai ƙamshin gaskiya. Fata da baki da hanji suna fitar da wasu gajerun sinadaran furotin da ake kira peftayid, irin su difensin da LL-37. Kowace bakteriya a lulluɓe take da siririn bango na maiƙo mai ninki biyu, kuma bangon yana ɗauke da cajin lantarki na negatif. Peftayid nasa cajin fozitif ne, sai ya manne masa kamar ƙusa da maganaɗisu. Gefensa ɗaya yana shiri da ruwa, ɗayan da mai, da wannan na biyun yake nutsewa cikin bangon. In suka taru, ko su huda rami, ko su shimfiɗu kamar tabarma har bangon ya wargaje, yadda sabulu ke yi wa maiƙon tukunya. Abin cikin ƙwayar ya tsiyaye, ta mutu. Amma don Allah kada a tofa wa ciwon yaro yawu, bakin ma cike yake da nasa ƙwayoyin.

Tambaya: To me ya hana waɗannan peftayid huda bangon ƙwayoyin jikinmu? Daga wani ɗalibi a Maraɗi.

Amsa: Ɗana, bangon ƙwayoyin jikinmu kusan ba shi da caji ta waje, wani maiƙo da ake kira kolestarol kuma yana ƙara masa tauri. Amma ba duka peftayid ke da wannan ladabin ba. Melitin na dafin ƙudan zuma yana fasa jajayen ƙwayoyin jini, haka ma giramisidin, maganin kashe bakteriya da masanin kimiyya René Dubos ya gano a 1939, shi ya sa ba a allurarsa, sai dai a shafa ko a ɗiga.

Tambaya: Ina zuba wa kajina kolistin a ruwa don rigakafi. Akwai illa? Daga wani mai kiwo a Kano.

Amsa: Alhaji, akwai, kuma babba. Kolistin ɗan gidan peftayid ɗin nan ne, bangon bakteriya yake lalatawa. A asibiti ba ma ɗauko shi sai sauran magunguna sun gaza, domin yana taɓa ƙoda. A 2015 aka ba da rahoton wani ƙwayar gado, mcr-1, a jikin bakteriyar aladu da mutane a ƙasar Sin. Yana rage cajin bangon, sai maganin ya rasa wurin kamawa, kuma bakteriya na miƙa wa juna shi. Yawan zuba kolistin yana bai wa bakteriya masu mcr-1 damar yaɗuwa, kuma kajin da ke lafiya ba sa buƙatar maganin. Ka gyara tsaftar ɗaki da allurar rigakafi, in cuta ta ɓulla ka kira likitan dabbobi.