Tambaya da Amsa: Yadda Ake Kiran Mutum da Harshen Hindi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. A finafinan Indiya nakan ji "are", wani lokaci "he" ko "aji". Duk ɗaya ne? Zan raka mahaifina asibiti a Delhi, ina gudun kada in yi ɓaranɓarama. Daga mai karatu a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya. Dukkansu na kira ne, amma kowace da wanda ake yi wa ita.

"He" daga Sanskrit, tsohon harshen Indiya, Hindi ya gaje ta, kuma ta addu'a ce da wa'azi da waƙa, kamar "ya" ɗinmu ta "ya ku jama'a". Ita ce a rubuce a wurin tunawa da Gandhi na Raj Ghat a Delhi, inda aka ƙona gawarsa a 1948: "He Ram", wato "ya Ram", sunan wani abin bautar Hindu. Kada ka kira direba ko mai shago da ita, za ka zama abin kallo. A Sanskrit ma ƙarshen suna yakan sauya idan ta shigo: Sita ta koma "he Site", Hari ya koma "he Hare", guru kuma "he guro".

"Are" ta yau da kullum ce, ana kira da ita, ana nuna mamaki da ita. Sa'a ko ƙani ake yi wa, mace kuma "ari". A nan baƙo ke tuntuɓe, domin fim ya saba masa da ita, sai ya jefa wa likita ko dattijo, a ɗauke shi marar ladabi. "Abe" kuwa raini ne tsantsa, ka bar ta kwata-kwata, haka "oye" ta Punjabi sai tsakanin abokai. "Aji" ta girmamawa ce, an fi saninta a bakin matar da ba ta faɗin sunan mijinta: "aji, sunte ho?", wato "kana ji?"

Shawararmu, ka riƙe "suniye", wato "don Allah saurara". Namiji sa'anka "bhai sahab", mace "bahan ji", likita "daktar sahab". In ka san sunan mutum, ka liƙa masa "ji" a ƙarshe.

Tambaya: A harshen Marathi fa?

Amsa: "Are" ga namiji sa'a, "aga" ga mace, "aho" ga babba ko miji. A Mumbai za ka fi jin su.