Tambaya da Amsa: Tauraron Baitalami da Ranar 25 ga Disamba

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni malamin sakandare ne a Kafanchan. Gardama ta kaure tsakanin abokan aikina biyu: ɗaya ya ce masana sun gano tauraron da ya bayyana lokacin haihuwar Yesu Almasihu, wato Annabi Isa, kuma ya tabbatar da 25 ga Disamba, ɗayan kuwa ya ce daga bikin rana na Rumawa aka aro ranar. Wane ne ke da gaskiya?

Amsa: Malam, na gode da wannan tambaya. Kowannensu ya riƙo wani abu na gaskiya, amma ya ɗora masa nauyin da ba zai iya ɗauka ba.

Cikin littattafan Bishara huɗu, Matiyu da Luka ne kaɗai suka ba da labarin haihuwar, kuma babu wanda ya ambaci wata ko rana. Matiyu ya ce an haife shi a zamanin Sarki Hirudus, wanda yawancin masana tarihi ke cewa ya mutu a shekara ta 4 kafin miladiyya, bisa bayanin Yosifus, marubucin Yahudawa, cewa an yi husufin wata gab da mutuwarsa. Luka kuma ya danganta haihuwar da ƙidayar jama'a ta gwamna Kiriniyus, wadda Yosifus ya sanya wajen shekara ta 6 miladiyya. Wannan tazara ta kusan shekara goma ita ce tushen muhawarar shekarar haihuwar, kuma har yau masana ba su daidaita a kanta ba. Shi kansa lissafin miladiyya sai a shekarar 525 wani malamin coci mai suna Diyonisiyus ya tsara shi.

Batun tauraron ya fi jan hankalina. Masanin taurari Johannes Kepler, a farkon ƙarni na 17, ya lissafa cewa duniyoyin Mushtari (Jupiter) da Zuhal (Saturn) sun kusanci juna a sararin sama a shekara ta 7 kafin miladiyya, kuma sau uku hakan ya faru a cikin shekarar. Kundayen Sin sun ambaci wani baƙon tauraro da aka yi ta gani fiye da kwana 70 a shekara ta 5 kafin miladiyya. Akwai kuma haɗuwar Mushtari da Zara (Venus) a watan Yuni na shekara ta 2 kafin miladiyya, har suka zama kamar tauraro guda, sai dai wannan ya zo bayan mutuwar Hirudus a lissafin da aka fi yarda da shi. Matsalar ita ce Matiyu ya ce tauraron ya yi ta tafiya a gaban masanan gabas da suka zo neman yaron har ya tsaya a kan inda yaron yake, alhali Baitalami, garin da aka haife shi, ba ta wuce kilomita 10 daga Urushalima, inda suka biyo, ba. Duk wanda ya taɓa tafiyar dare ya san tauraro binka yake yi, ba ya nuna gida ɗaya a cikin gari. Saboda haka a ganina Matiyu alama ce daga Allah yake bayyanawa, kuma lissafin falaki ba zai iya tabbatar da ita ko ƙaryata ta ba.

Ita kuwa 25 ga Disamba, shaida mafi daɗewa ta yin bikin haihuwar, wato Kirsimeti, a wannan rana tana cikin wata kalandar birnin Rum ta shekarar 354, wadda ke nuna an fara tun wajen 336. Gaskiya ne wannan kalanda ta nuna bikin allahn rana a ranar, amma akwai wani bayani mai ƙarfi: wasu Kiristocin farko sun ɗauka an ɗauki cikinsa ranar 25 ga Maris, to in aka ƙara wata tara sai a faɗo kan 25 ga Disamba. Har yanzu cocin Armeniya a 6 ga Janairu take bikin, Kibɗawan Masar da Habashawa kuma a 7 ga Janairu, domin tsohuwar kalandarsu suke bi.