Kafin ka amsa wa shugaban sashe, karanta wannan

Jiya ka tare ni a bakin ofis ina sauri, ban ba ka amsa ba. Ka ce saura 'yan watanni ka kare kundin digirinka na uku, shugaban sashe kuma ya ce ka zauna ka riƙa koyar da 'yan aji ɗaya, da zarar gurbi ya samu naka ne. Kana so ka ji ko ka zauna. Da a ce yadda ake rubuta takardar neman aiki ka tambaye ni, ko yadda ake tsayawa gaban kwamiti, da ban ɓata tawadata ba. Wanda ya kai matakin digirin digirgir bai iya wannan ba, ya ɓata hanya tun farko. Amma tambayarka ta hana ni barci, ɗana, domin abin da aka faɗa maka shi aka faɗa mini, ko wasali ba a sauya ba.

Shekara biyu na yi a ɗakin adana takardun tarihi ina kwafa da hannu. Ba waya a lokacin balle ka ɗauki hoton shafi ɗari kafin azahar kamar yadda kuke yi yanzu, ku tara hotuna dubu ba ku karanta goma ba. A nan na ci karo da wani ƙunshin wasiƙun 'yan kasuwa wanda ƙurar da ke kansa ta shaida ba wanda ya kwance shi. Wasiƙun sun rushe abin da manyan fanninmu suka daɗe suna maimaitawa game da wani haraji. A kansu na gina babi na uku. Ban taɓa yin aikin da ya kai shi ba, har yau da nake da littattafai.

Na kare kundi, sai wani babba a sashen ya kira ni. Ba zan kama sunansa ba. Ya ce in zauna, gurbi na nan tafe, shi da kansa zai tsaya mini. Na zauna. Shekara huɗu ina koyar da kwas uku kowane zango a kan kwantiragin da ake sabuntawa in an ga dama, ina duba takardun jarrabawa ɗaruruwa, nawa da nasa, ina rubuta bayanin taron sashe. Kowace shekara magana ɗaya: bana ba kuɗi, sai baɗi. A shekara ta biyu ya ce in kawo masa babi na uku ya gyara mini kafin in aika wa mujalla, kada in kunyata sashen. Na ji daɗi har raina. Na miƙa masa kwafin da na buga da tafireta, hannu da hannu, ba shaida. In na tambaya sai ya ce yana kai, aikin na buƙatar nutsuwa.

Wata goma sha huɗu babin yana wurinsa. Ran nan wani abokina ya ja ni laburare bai ce komai ba, ya buɗe sabuwar fitowar wata mujalla ya ajiye a gabana. Hujjata ce, wasiƙuna ne, jerin da na yi musu ne, an sauya jimloli kawai, sunansa a sama. Ka san abin da ya tabbatar mini? Lokacin da nake kwafa na yi kuskure a lambar wani fayil, na rubuta bakwai a wurin ɗaya. Kuskuren nan yana zaune daram a bayanin ƙasan shafinsa. Mutumin bai taɓa taka ɗakin takardun nan ba. Ko a layin godiya bai sa ni ba.

Ba a nan ciwon ya tsaya ba. Da gurbin ya fito, sai aka tallata shi ga kowa da kowa, kamar yadda doka ta tanada, abin da ya sani tun ranar da ya yi mini alkawari. Na shiga gaban kwamiti, aka ce ina abin da na wallafa. Babu. Sai wani daga cikinsu, mutumin kirki wanda bai san komai ba, ya ce ya lura babina na uku ya jingina sosai da maƙalar wane amma ban ambace ta ba. Wane yana zaune a wurin, yana kallon rufi. Aka ba wani baƙo mai maƙala biyu aikin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ana ce mini in bar wa Allah, na kuma bar masa, amma shekara huɗun nan ba wanda ya dawo mini da su, kuma har gobe in ɗalibai suka kawo wannan hujja sunansa suke sa wa.

To ga amsarka. Kwamitin ɗaukar aiki ba ya ƙirga wahala, abin da aka buga da sunanka yake ƙirgawa. Ba son zuciyar wani sashe ba ne, haka sana'ar take ko'ina. A manyan jami'o'in Amurka malamin tarihi ko adabi yakan samu kimanin shekara shida ya fitar da littafi, in ba haka ba ya tattara ya tafi. Tun 1940 ƙungiyar malaman jami'a ta can ta ce zaman gwaji kada ya wuce shekara bakwai. Amma wannan kariya ta wanda ya hau layin aikin dindindin ce. Yawancin masu koyarwa a can yanzu ba a kan layin suke ba, kuma bayan durƙushewar tattalin arziki ta 2008 tallan guraben harsuna da adabi ya faɗi warwas. A Jamus dokar 2007 ta ba da shekara shida kafin digiri na uku da shida bayansa a kan kwantiragin wucin gadi, in sun cika ba ka samu kujerar dindindin ba, ƙofa ta kusa rufewa. A Birtaniya tun 2014 ana auna ingancin binciken sassa da wani tsari da ake kira REF, kuɗin gwamnati yana bin sakamakon, don haka sashe yana neman wanda zai shigo masa da rubutu. Ka nuna mini inda aka ce a ɗauki mutum don ya yi shekaru yana duba wa manya takardun jarrabawa.

A 1917 Max Weber, Bajamushe masanin zamantakewa, ya tsaya gaban ɗalibai a birnin Munik ya gaya musu cewa sa'a tana da babban rabo a wannan hanya, ya kuma tambaye su ko za su iya jure ganin wanda bai kai su ba yana wuce su shekara bayan shekara ba tare da zuciyarsu ta lalace ba. Ya yi gaskiya. Sai dai ni ba sa'a ce ta kayar da ni ba, hannuna ne ya miƙa babin.

In za ka zauna, ka zauna da takarda: wata nawa, kwas nawa, yaushe za a tallata gurbin. In ya ce ai tsakaninku ba sai da takarda ba, ka ji amsarka ke nan. Ka yanka wa kanka wa'adi, shekara biyu, kada ka ƙara ko zango ɗaya, kuma kana ciki kana nema a waje. Babinka mafi ƙarfi ka sassaƙe shi ya zama maƙala ka aika wa mujallar da ke ba masana su tantance ba tare da sun san sunanka ba, cikin watan nan, domin amsa takan ɗauki watanni, fitowa kuma takan haura shekara. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka kai hujjar taron masana ka karanta a bainar jama'a, sunanka da kwanan wata su shiga jadawali. Ɗaya ko biyu sun isa. Kada ka yayyanka kundin duka, masu buga littafi ba sa son abin da ya riga ya fita gutsi-gutsi.

Kada kuma ka zo mini da irin mujallun nan da ke karɓar kuɗi su buga cikin mako guda. Wani ma'aikacin laburare a Amurka, Jeffrey Beall, ya yi shekaru yana jera sunayensu har ya rufe jerin a 2017, amma ku yaran yanzu har yau kuna ruguwa wurinsu, don kuna so a kira ku dakta a Facebook kafin ku iya riƙe hujja ɗaya tsawon shafi ashirin. Ɗan kwamiti mai ido yana ganin irin wannan suna yake ture takardarka gefe. Haƙuri da karatu ba ku da shi, amma haƙurin jiran alkawarin babba kuna da shi fiye da kima. Kun juya abin.

Na ga babinka na biyu, akwai abu a ciki, shi ya sa na zauna na rubuta maka wannan. Ina so in karanta sabon zubin ranar Litinin. Kada ka kawo mini shi a hannu. Ka aiko ta imel, ka sa mai duba aikinka a ciki, kwanan wata ya zauna, ko da yake ni ne. In na wuce mako uku ban dawo maka da shi ba, ka aika wa mujallar, kada ka jira ni.