Tambaya da Amsa: Masaukin Baƙi a Bakin Daji

Tambaya: Muna da gonar gado hekta uku a ƙaramar hukumar Alkaleri, kan hanyar shiga Yankari. Ina son gina ɗan masauki na alfarma domin masu zuwa kallon giwaye da wanka a ruwan ɗumi na Wikki. Ta ina zan fara? Daga mai karatu a Bauchi.

Amsa: Malam, kada ka ɗora bulo ko ɗaya sai an raba gadon a rubuce, dagaci ya shaida, an kawo safiyo ya kafa duwatsun iyaka. Daga nan ka nemi takardar mallaka ta gwamna ƙarƙashin dokar filaye ta 1978, domin ita banki ke dubawa.

Sai ruwa, wanda shi ke kashe irin wannan sana'a. A auna ƙasa kafin a haƙa burtsatse, a gwada ƙarfinsa a Afrilu lokacin da ruwa ya fi yin ƙasa. Ka fara da ɗakuna shida, wato baƙi goma sha biyu. Da wanka da wanki da girki, ka tanadi tankin lita 10,000. Ramin masai ya kasance a gangare, aƙalla mita 30 daga burtsatsen, in ba haka ba damina ɗaya za ta gurɓata maka ruwan sha.

Na'urar sanyaya ɗaki ita ke shanye batirin sola cikin dare. Ka rage mata aiki tun daga gini: bangon jar ƙasa mai kauri, tagogi biyu masu fuskantar juna, kuma kada a sare ɗorawa ko tsamiyar da ke filin, inuwarsu ce rabin abin da baƙo ke biya. Da hunturu a riƙa wanke farantan sola duk mako, ƙura na rage musu ƙarfi sosai.

Jinka tana burge baƙi, amma a shimfiɗa kwano a ƙarƙashinta, a zuba maganin gara a harsashi, a nome fili mita 10 kewaye da ɗakunan kafin a fara ƙonan daji a Disamba.

Kasuwarka ta rani ce, daga Nuwamba zuwa Afrilu, lokacin da namun daji ke taruwa a bakin kogin Gaji. Saboda haka ka ware albashin ma'aikata na watannin damina tun daga cinikin rani. Masu gadi da masu shara ka ɗauko su daga ƙauyen, ƙwai da nono da kaji ka saya a wurin maƙwabta. Su ne za su fara sanar da kai idan baƙuwar fuska ta shigo yankin.