Faladin 'yar sarauta: ki bar mata danginta da rai

Tambaya: Assalamu alaikum. Daga Tawa nake rubutowa. Ni da ƙawayena muna wasan Dungeons & Dragons, wasan da kowa ke ƙirƙirar jarumi yana taka rawarsa a cikin labari, kuma na ƙirƙiri wata faladin, wato jarumar yaƙi mai rantsuwa, 'yar gidan sarauta. Na rubuta cewa an kashe iyayenta da 'yan'uwanta tun tana ƙarama, shi ya sa ta ɗauki takobi. Mai jan labarinmu ya ce wannan tarihin bai ba shi abin da zai yi aiki da shi ba. Me zan gyara?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, mai jan labarinku yana da gaskiya. Dangin da suka mutu ba sa aiko manzo, ba sa neman alfarma, ba sa jawo wa mutum abin kunya. Kin rufe masa ƙofofin da zai shigo da rikici.

Tun da aka shigar da faladin cikin wasan a 1975, shekara guda bayan fitowarsa, abin da ya bambanta shi da sauran mayaƙa shi ne ɗaure kai da alƙawari. A bugu na biyar na 2014, sai jarumi ya kai mataki na 3 na ƙarfinsa ake ɗaukar rantsuwar, ko ta sadaukarwa, ko ta magabata, ko ta fansa, kuma wanda ya karya ta yana iya rasa ƙarfinsa. To rantsuwar da ba a taɓa gwada ta ba, me za a kalla a cikinta? Mai gwada ta kuwa gida ne.

Ki dubi gidan sarauta irin namu na Adar. Uba yana kan karaga, matansa suna kishi, 'yan uba kowa na hangen rawani, ga goggo da ba a ƙetare maganarta. Ki ba jarumarki uwa da aka mayar saniyar ware a cikin gida, da wa mai karɓar haraji fiye da ƙima. Ranar da talakawa suka kawo mata kuka, mai laifin ɗan'uwanta ne, rantsuwa kuma ta hana ta ƙarya. Ko dokar wasan za ta taimake ki: warkarwar da take yi da tafin hannu maki 5 ce na lafiya a kowane mataki, wato 15 a mataki na 3. Idan ƙanenta da bawan Allah manomi suka faɗi tare, wa za ta fara taɓawa?

Ba sai kin cika takarda da zuriya ba. Mutum uku sun isa: wanda take ƙauna, wanda take tsoro, da wanda ke binta bashi. Kowa ki rubuta abin da yake so daga gare ta, ki miƙa wa mai jan labari, sauran ki bar masa.

Idan fansar ce ta fi burge ki, ki kashe mutum ɗaya kawai, uban, ki bar wanda ake zargi yana zaune a fada, ana gaishe shi da ranka ya daɗe.