Amsa: Yaya tsuntsun fenguwin yake ƙyanƙyasa a sanyin Antatika, can ƙarshen kudancin duniya?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ƙwan ba ya daskarewa tunda babu sheƙa. Ai ba a barin ƙwan a kan ƙanƙara. A wajen babban fenguwin, wanda ake kira sarkinsu (emperor a Turance), macen tana yin ƙwai ɗaya tal a watan Mayu ko Yuni, farkon hunturu ke nan a can kudu. Sai ta mirgina wa namijin shi a kan ƙafafunsa, ya rufe shi da wata fatar cikinsa mai ɗumi, ita kuma ta nufi teku neman kifi.

Namijin ne ke shan wahalar. Kusan kwana 65 yana riƙe da ƙwan, ba ci, ga sanyi yana kaiwa digiri 40 ƙasa da sifili. Mazan sukan cure wuri guda, dubbai, suna matsawa a hankali, na gefe su shiga tsakiya su ɗumama, na tsakiya su fito. Kafin matar ta dawo, namijin ya zubar da kusan rabin nauyinsa.

Batun farin beyar da ka ambata kuwa, shi a can ƙarshen arewacin duniya yake, yankin Atik. Ba sa haɗuwa da fenguwin ko kaɗan.